Baba Irmiya, Mai Buɗe wa Ruwa Hanya

Baba Irmiya bai iya zama ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana leburancin kwata a Ƙofar Ran, ban taɓa ganin ya gama shan koko a zaune ba. Da sassafe zai saɓa diga da shebur, ya bi lungu-lungu yana zungurar rariya, 'yar kafar nan ta gindin katanga da ruwan tsakar gida ke bi ya fita. Kana gaishe shi yana amsawa, amma idonsa na gabas. Gajimare bai kai tafin hannu ba zai ce gwiwarsa ta gaya masa akwai magana. Mun sha yi masa dariya.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma ƙauyensu can kudu. Shi ya sa nake so in faɗi abin da ya yi bara, tun yana kusa yana jina.

Ana saura mako guda a karɓi 'yancin kai, aka ce kowa ya gyara ƙofar gidansa. Muka yi yaɓe, muka shafe katangu da farar ƙasa. Sai wani mai dabara ya ce rariyoyin nan suna ɓata ado, baƙi za su wuce su ga baƙin ruwa. Ai damina ta yi sallama, in ji mu. Muka cusa tsumma da duwatsu, muka shafe wurin sumul. Ni ma da hannuna na toshe tamu, ba zan ɓoye ba. Sau uku Baba Irmiya yana zuwa wurin mai unguwa yana cewa ruwa bai ɗauke ba, a buɗe rariyoyin, ana ce masa ya yi haƙuri, bayan biki a buɗe.

Ranar Laraba da azahar hadari ya haɗo. Kafin la'asar kowane tsakar gida ya zama tafki. Gidan Bakari ya fi shiga uku, don a kwari yake, mai gidan kuma yana gonarsa a Miri. Matarsa Habibatu na kwance da jaririn kwana uku, haihuwar ta zo da gardama, ko tsayuwa ba ta iya yi. Daga ita sai surukarta, Dada Azumi. Ruwa ya kai ƙafar gado, gindin bangon ɗakin ya jiƙe ya fara zubowa.

Baba Irmiya ya iso zaure a guje yana ƙwala sallama.

"Irmiya, shigo mana!" in ji Dada daga ciki. "Yau babu zancen ba a shiga!"

"Dada, in na shigo da ƙwarya zan kwashe shi? Ta waje zan fasa, amma kun shafe wurin, ba na gani. Ɗauki taɓarya, ki lalubi rariyar da ƙafa, ki yi ta duka!"

Ya zaga baya, ya manna kunne a katanga, yana matsawa kaɗan-kaɗan. Tsawa ta hana shi ji. Ya koma farko, ya sake bi, hankalinsa a tashe, don ya san in ya sari inda ba nan ba, shi zai kayar da katangar da hannunsa. Can ya ji dum, dum, a ƙasa. Sara huɗu ya yi, ruwan ya ɓalle ya yi jifa da shi cikin kwata, digar ta tsaga masa ƙwauri. Ya tashi yana ɗingishi ya nufi gida na gaba.

Mai unguwa ya tare shi da laima. "Irmiya, ka ɓata mana ado!"

"Ranka ya daɗe, a yi mini faɗan gobe. Matsa, ruwa na zuwa."

Rariya ashirin da uku ya fasa kafin magariba. Ranar bikin, layinmu ya fi kowanne muni, katangu duk huji da taɓo. Amma babu gidan da aka yi zaman makoki, kuma washegari aka raɗa wa jaririn suna Sabitu.

Kai ne, Baba, ka faɗa mana gaskiya sau uku muka ƙi ji, kuma da ta tabbata ba ka tsaya cewa "ai na faɗa" ba. Kai ne mai shiga inda muke toshe hanci mu tsallake. Har yau in na ga tabon ƙwaurinka kunya nake ji, don da hannuna a ciki. Mun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ba ka ikon zama ko na yini ɗaya ne.

Mu da muka rage, kada mu jira a ɗauko wani Irmiya. Kowa ya duƙa ya duba gindin katangarsa tun sama na fari, ya leƙa ta maƙwabcinsa, musamman inda babu namiji a gida.

Makon jiya Dada Azumi ta aiko a gaya maka Sabitu ya fara tafiya. Bangon nan yake dafawa.