Lambar Hafizu a Bangon Zaure

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tama ya san malaminmu Mushe Alƙasim, ya kuma san bulalarsa. Ni ma na sha ta, wallahi har yau ban manta ba. Lissafi ya koyar har ya tsufa, ya ajiye alli ya koma gonar geronsa.

Ɗansa guda ne, Hafizu. Ya tafi Libiya neman aiki, ya bar matarsa Jamila a gidan. Sau ɗaya ya kira, da wata doguwar lamba, ya ce gobe za su shiga teku. Daga nan shiru. An buga lambar har an gaji, ba ta shiga.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zowa ta wuce. Dangi suka taru suka ce a yi masa sadaka, Jamila ta yi takaba ta san inda ta dosa. Mushe bai yi gardama ba. Ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar a bangon zaurensa.

"Ku bari in gama da ita tukuna," in ji shi. "Ko in samu abin da ya raba ta ba saura, ko in tabbatar ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Rannan ku yi sadakarku."

Biyu ba ta raba ta ba, tunda da bakwai ta ƙare. Uku ta ƙi, biyar ta ƙi. Haka ya yi ta bi, bango ya cika ya goge ya sake. Mutane suka ce tsohon ya taɓu. Taɓuwar me! Ya fi kowa sanin cewa da gawayi sai ya mutu bai kai ƙarshe ba, shi ya sa ya zaɓi aikin. Ni dai Jamila nake tausayi, tana daka tana tsufa, ba miji ba takaba.

Bara aka turo sabon malami daga Madawa, sunansa Jika, mutumin kirki mai rawar kai. Ya zo gaisuwa, ya ga bango, ba wanda ya gaya masa komai. Ina zaune ya ciro wayarsa ya danna. Na yi masa ido, ina! Bai gani ba.

"Baba, ai ka huta," ya ce yana murna. "Wannan ba ta rabuwa, sai da ɗaya da kanta."

Mushe ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa.

"Daidai ne," ya ce. "Allah shi maka albarka."

Ya ajiye gawayin a ƙasa. Sannan ya leƙa cikin gida, ya kira Jamila, ya ce ta jiƙa geron sadaka.