Bugu Biyu a Ƙyauren Soro

Idan ya san ba gaskiya na faɗa masa ba, me ya sa ya bi maganata? Shekara da shekaru ina juya wannan tambaya a raina, wanda zai amsa mini kuma ƙasa ta rufe shi. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago wajen Ƙofar Mazugal, da wannan aka san shi a Zaitawa. Amma Asabar da Lahadi makaɗin jita ne, yana bin wata ƙungiya zuwa Sabon Gari da wuraren biki na wajen ganuwa. 'Yan unguwa sun sani, ba a dai zancen. Ni ban taɓa ganinsa yana kiɗa a gaban mutane ba. Abin da na sani shi ne bayan la'asar, in ya zauna a soro yana gwaji, ya rage muryar lasifika saboda maƙwabta, ni ina tsakar gida ina aikina. Fiye da shekara ashirin ina jin sa ta bayan ƙyaure.

Yana da wasu 'yan akwatunan ƙarfe guda shida da ya kafa a kan katako, kowace da launinta, waya ta sarƙe su. Feda suke ce musu, kamar ta keke, don takawa ake yi. In ya taka wannan sai jita ta yi gurnani, in ya taka waccan sai ta riƙa amsa kuwwa kamar cikin rijiya. Ɗaya bayan ɗaya ya tara su, kusan kowace ya buɗe cikinta ya sa mata kayan rediyo. Kuma ba ya kiɗa da takalmi. Da babban yatsansa na dama yake takawa, da shi yake murɗa kunnuwansu yana tsaye, hannunsa bai bar jita ba. Abokansa har tsiya suke masa, wai yatsan ya fi shi iya kiɗa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, aiki ya buɗe musu. Yau taro, gobe liyafa. A lokacin ne kuma ciwon suga ya kama shi sosai, wani ɗan rauni ya fito masa a wannan yatsan, ya ƙi warkewa. A cikin wata waƙa akwai wurin da sai ya taka feda uku a jere cikin ƙiftawar ido, sai ya fara makara. Wata rana ya dawo bai ci tuwo ba, ya ce shugabansu ya harare shi a gaban jama'a.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya haɗa wani allo mai makunnai a gaban fedojin, yadda taku ɗaya zai kunna uku lokaci guda. Shi da kansa zai iya, har ya fara yankan kwano. Sai dai katakon zai ƙara tsawo da nauyi, ga shi dama a bayan babur yake ɗaure shi, lungunmu kuma da ƙyar yake wucewa, sau biyu yana faɗuwa da shi a bakin kwata. Ko kuma ya karɓi wani inji da abokin kiɗansa ya kawo daga Ikko, guda ɗaya tal, mara nauyi, wai duk muryoyin nan suna cikinsa har da ƙari. Abokin ya ce musaya yake so: a ba shi shidan, ya ba da injin.

Kwana uku injin yana soronmu. A na huɗu Malam ya leƙo tsakar gida.

"'Yar tsohuwa, zo ki yi mini alƙalanci."

"Ni me na sani a kan wayoyinku?"

"Ba wayoyi za ki duba ba. Duk garin nan ba wanda ya kai ki saurarona, tunda ke ba ki da hanyar gudu."

Na ce ai kuwa da da hanya da na daɗe da bi. Ya yi dariya. Ya ce zai ja ƙyaure, ya kaɗa waƙa ɗaya sau biyu, sau ɗaya da tsofaffin, sau ɗaya da sabon, ba zai gaya mini wanne ne wanne ba. Wanda na ji shi ne muryarsa, in bugi ƙyauren: bugu ɗaya na farko, bugu biyu na biyu. "Abin da kika buga shi zan bi," in ji shi.

Muciya ce a hannuna. Yana fara na farkon na gane shi. Akwai wata 'yar dishewa a ƙarƙashin kiɗan, kamar ta mai tashi daga mura, daga koriyar fedar da ya gyara take fitowa. Ita nake ji tun ina goyon 'yar nan da take rubutu. Na biyun tas yake, mai daɗi, amma na kowa ne, irin wanda za ka ji a rediyon kowane shago.

Na ɗaga muciya na bugi ƙyaure sau ɗaya. Sai tsumman da na ɗaure masa yatsa da safe ya faɗo mini a rai, da yadda ya jiƙe kafin azahar, da katakon nan a bayan babur. Na tsaya. Sannan na ƙara bugu.

Can ya ce, "To, shi ke nan." Washegari abokin ya zo ya kwance fedojin daga katako, ya zuba su a buhu. Ba a daɗe ba ya koma kudu da su.

Abin da ban sani ba, injin nan ba a murɗa shi da yatsan ƙafa. 'Yan madannai ne ƙanana da wani ɗan gilashi mai lambobi, sai an tsuguna an sa ido. Idon Malam kuwa ya riga ya fara rauni. Ni da na so in hutar da ƙafar, sai ga shi kullum a tsugune a kanta, yana danne-danne, yana neman dishewar nan. In ya kaɗa kaɗan sai ya tsaya, ya sake tsugunawa. Da can ina jin waƙa daga farko har ƙarshe ina tuƙa tuwo. Yanzu sai guntu-guntu.

Sau ɗaya na ce masa, "Malam, ko za a nemi mutumin nan ya dawo da su?"

Ya ce, "An yi musaya an tafa hannu. Kuma ai alƙaliyata ta yanke hukunci."

Da wasa ya faɗa, amma na kasa haɗa ido da shi. A nan ya kamata in faɗa masa. Amma na ce a raina bari sai ya samu sauƙi.

Bai samu ba. Kafin shekara ta zagayo ya daina bin ƙungiya. Ba korarsa aka yi ba, cewa ya yi ba ya jin kansa a cikin kiɗan. Jita ta koma bayan gado, injin ya koma shago, aka ɗora masa matattun rediyoyi. Katakon yana nan har yau da ramukan ƙusa, a kansa nake ajiye tulu. Daga baya aka yanke yatsan, sannan ciwon ya haura.

Wasu sun ce mini ko da fedoji ko babu, suga zai yi abin da zai yi. Na sani, kwanan mutum ba ya wuce wanda Allah ya rubuta. Amma shekara biyun da suka rage masa, a soron da ba kiɗa ya yi su, kuma muciyata ce ta jawo.

Ranar da zai rasu, da hantsi, na kawo masa koko ya sha cokali biyu ya kau da kai. Ina goge masa baki sai ya riƙe gefen zanena. Na sunkuya don muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"'Yar tsohuwa," ya ce, "ran nan na ji tsayawar da kika yi kafin bugu na biyu. Ɗan ɗaga mini matashin nan."