Tanderun Yaya Habi

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Yaya Habi, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen Zongo sun san ta da ɗan butik ɗinta, wato shagonta, inda ake tsaga burodi a zuba ƙwai ko kifin gwangwani da albasa. Ni ce Zulai, ƙanwarta, kuma ni na gaji kwaɓin burodinta. Na so a ce addu'a kawai zan rubuta bana, amma raina a ɓace yake, gara in faɗi dalili.

Da can baget take sarowa kamar kowa, dogon nan mai taurin ɓawo. Sai haƙoran Babanmu suka zube. Wata safiya ta tarar da shi yana jiƙa baget a shayi har ya zama kunu, yana karewa da hannun riga kada mu gani. A makon ta kira magini ya gina mata tanderun ƙasa a bayan butik. Wata guda ta yi tana ɓarnar fulawa, kuma burodinta na farko da an jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Mun yi mata dariya son ranmu, ba ta kula mu ba, har ta gano hannunsa: ƙanana, tsawon tafin hannu, masu laushin da dasashi kaɗai ya isa.

Sau biyu take gashi, bayan asuba da bayan azahar, wanda ya kwana kuwa sadaka ne. Tsofaffin unguwa suka ji labari, dattawan masu fataucin shanu suka biyo baya, har daga unguwar Tokpa-Hoho ake aikowa.

Yanzu butik na ɗanta Nasiru ne. Gado ne, ban musa ba, kuma yaron ba mugu ba ne. Cewa yake itace ya yi tsada, hayaƙi na cin ƙirjina, ga wani kamfani can Akpakpa da zai riƙa aiko da burodi cikin leda a kan zemijan, babur ɗin haya, mai laushi, mai kwana huɗu bai lalace ba. A rushe tanderu, in ji shi, a jera tebura a wurin.

Da ciwon baya ya kwantar da ni watan jiya, ya gwada na kamfanin. Zan faɗi gaskiya ko da ta yi mini ɗaci: ciniki bai ragu ba. Samari da 'yan lekol, wato 'yan makaranta, suka ci suka wuce, ko lura ba su yi ba. Wannan ya fi ciwon bayan yi mini zafi. Ina kwance ina tunanin abin da Yaya za ta ce. Na san ba za ta yi kuka ba. Juya ledar za ta yi ta taɓe baki, ta tambayi me aka zuba wa abincin da ya kwana huɗu ko ƙuda bai ba sha'awa ba.

Mutum ɗaya ne ya gane. Malam Jauro, tsohon dillalin shanu da ya fi shekara ashirin yana karya kumallo a bencinmu, ya danna burodin da yatsa, ya shinshina, ya ajiye. Ya dubi Nasiru ya ce, "Hajiya Habi ta sake rasuwa ne?" Ya sha shayinsa haka nan ya tafi.

Nasiru da bakinsa ya ba ni labarin, a matsayin abin dariya, ya ƙara da cewa magini zai zo ranar Litinin. Ranar Lahadi na dafa bango na miƙe, na kwaɓa fulawa, na cika tanderu da itace. Da magini ya iso da gudumarsa ya ɗora hannu a jikin ginin, sai ya janye da sauri. Ya ce tanderun ƙasa in ya sha wuta haka sai ya kwana biyu kafin a iya taɓa shi, ya saɓa gudumarsa ya koma.

"Inna," in ji Nasiru, "to yaushe za ki bar shi ya huce?"

Na ce masa ya zuba ido.

Yau kwana goma sha tara wuta ba ta mutu a cikinsa ba. Bayana na ciwo, idona na ruwa, kuma na san masu cin burodin don laushinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Abin da ta bari shi ne tsoho ya zauna cikin mutane ya ci abincinsa ba tare da ya ɓoye bakinsa ba, kuma wannan ba a kawo shi a leda. Allah ya jiƙan ki, Yaya. Magini ya dawo sau uku, kowane zuwa na ba shi burodi mai zafi ya ci kafin ya tafi.