Rabin Bulon Malam Ubale

Tun ranar da aka gaya mini Malam Ubale mai gyaran firiji zai rataye jakarsa ya daina aiki bayan babbar Sallah na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna in tashi, in leƙa ɗakin Inna in taɓa bayan firijinta, in dawo. Ƙanwata Suwaibatu har ta fara yi mini dariya. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ke cina, ko na samu sauƙi, mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma su san wanda za su rasa.

Wanda ya san shi ya san safiyarsa. Da an sallame asuba zai turo tsohon babur ɗinsa waje, ya ɗaure jakar kayan aiki da tukunyar gas, sannan ya ɗora abin da ya sa ake tsokanarsa shekara talatin: rabi-rabin bulo guda huɗu ko biyar a cikin buhu. Masu shayi kan ce, "Malam, gini za ka ko gyara?" Shi dai murmushi yake yi ya wuce. Ba shi da shago mai allo. Firiji, fanka, na'urar sanyaya ɗaki da muke ce wa esi, hitar ruwan wanka idan sanyi ya shigo, duk nasa ne, kuma duk inda suke shi yake bin su.

Ni ban san darajarsa ba sai shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu. Mahaifiyarmu tana da ciwon suga, safe da yamma ake yi mata allura, maganin kuma ba ya son zafi. Muka haɗa ƙarfi muka saya mata ƙaramin firiji mai aiki da sola a gidanmu na Ketare. Saboda halin da hanya take ciki, na yiwo mata guzurin maganin wata uku daga Funtuwa na jera a ciki. In ya lalace, ban san ranar da zan sake samo wani ba.

To ni malamin makaranta ne, kuma mu malamai muna da wata cuta: komai muka gani sai mun yi masa bayani. Wata rana na kai hannu bayan firijin na ji zafi rau. Na ce a raina, ashe ta nan zafi ke shiga yana cinye sanyin Inna. Ai kowa ya san yadda ake naɗe kular fura da buhu don kada ta ɗumame. Sai na ɗauko bargon Inna mai kauri na lulluɓe bayan da gefe, na tura firijin ya manne da bango, na toshe saura da tsumma. Suwaibatu ta ƙara da nata, ta shimfiɗa masa leshi a ka ta jera kwanoni. Muka ja baya muna kallonsa kamar amarya.

Bayan sati biyu sanyi ya ragu. Wani mai gyara da ba zan faɗi sunansa ba ya zo, ko bayan bai leƙa ba ya ce gas ya ƙare, ya ɗura ya tafi. Ranar wata Talata da safe Suwaibatu ta buɗe firijin, iska mai ɗumi ta bugi fuskarta. Injin ya yi shiru ɗif. Inna na zaune a tabarma tana kallonmu.

Babu waya, babu wanda zan kira. Na hau babur na nufi Ƙanƙara neman Malam Ubale. Mai shayin bakin tasha ya ce, "Malam Ubale? Tun da sassahe ya tahi Faskari, esin wani Alhaji ya ƙi." Na kama hanyar Faskari, hanyar da a lokacin ba a binta sai da addu'a a baki. Duk kurmin da na wuce sai in waiwaya, amma da na tuna kwalaben maganin Inna suna ɗumama sai in ƙara wuta. A Faskari na buga ƙofa uku kafin in dace da gidan. Mai gidan ya nuna mini injin esinsa na waje, wanda ya kewaye da zana don kada rana ta dame shi, zanar kuma ga ta a ƙasa an kwance. Ya ce, "Ya gama tun hantsi. Zanar ga kawai ya cire ya wanke injin. Ka bi shi Tahoki."

A Tafoki na same shi bayan azahar, a durƙushe bayan firijin wata mai sayar da zoɓo, yana shafa kumfar sabulu a jikin bututu yana jiran ya ga inda za ta yi ƙwai, don ta nan gas ke yoyo. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba na hau zuba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Mi ke cikin firijin?"

Na ce allurar Inna.

"Yanzu tana ina?"

Na ce tana ciki, mun rufe don kada sanyin ya fita.

Ya miƙe tsaye. "Wane sanyi kuma? Akwai randa gidanku?" Ya juya wajen matar ya ce, "Tabita, ki yi haƙuri, zoɓo na iya jira, wannan ba ya jira." Ita ce ma ta ɗaura masa jakar a babur, tana cewa mu yi sauri.

Mun iso Ketare la'asar sakaliya. Ko kallon firijin bai yi ba. Ya sa Suwaibatu ta ƙulle maganin a leda, ta sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, aka binne rabinta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ya ce mini, "Ni ba likita ba ne. Gobe ka kai ma ma'aikaciyar asibiti ta duba, ita ta san mai kyau da wanda ya ɓaci." Daga nan ya je ya tsaya a gaban amaryarmu. Ya sauke kwanoni, ya yaye leshi, ya jawo firijin, bargo ya faɗo. Ya ɗaga shi sama da yatsa biyu.

"Wa ya yi aikin ga?"

Inna ta nuna ni da haɓa.

"Malam," in ji shi, "kai in ka yi gudu ka yi zuhwa, bargo ake lulluɓa maka? Zahin da ka ji ba shiga yake ba, hita yake. Ta nan yake numfashi, kai kuma ka toshe mashi hanci."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya kwance wani ɗan abu baƙi da ya ƙone a jikin injin, ya lalubo irinsa a jaka, wanda ya ciro daga wani mataccen firiji a Sabuwa, ya sa. Ya ce a jira injin ya huce. Minti arba'in na yi ina safa da marwa a tsakar gida, shi kuwa yana zaune yana hira da Inna a kan dawar bana. Da ya kunna, muka ji wannan ɗan gurnanin, Suwaibatu ta fashe da kuka. Sai ya fita wajen babur ya dawo da rabin bulo, ya ajiye tsakanin firijin da bango, ya tura har suka haɗu. Ya ce, "Kowa ya so turawa, nan zai tsaya." Washegari ma'aikaciyar asibiti ta duba maganin, ta ware kwalba ɗaya da aka riga aka buɗe, ta ce sauran lafiya.

Daga baya na fara lura. A shagon magani a Ƙanƙara na leƙa bayan firiji, ga rabin bulo. A gidan surukaina a Sabuwa ga shi nan. Tabita ta gaya mini sau biyu wasu suna ce mata ta sayi sabo, shi ya hana. Limamin unguwarmu ya ce shi ne ya bi gida-gida wata shekara da sanyi yana roƙon mutane su daina rufe ɗaki da kaskon gawayi a ciki.

Malam Ubale, na Ƙanƙara mai hannun sanyi, kai ne ba ka taɓa cewa gas ya ƙare ba sai kumfa ta nuna maka. Kai ne kake tambayar abin da ke cikin firiji kafin ka tambayi abin da ya same shi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, ka ce ka gaji da hanya. Ka cancanci hutu, ba na musu. Amma bazara na tafe, kuma ina tsoro, gaskiyar ke nan. Masu gyara na yanzu, ku da kuke da lambar waya a kowane bango, ku je ku zauna gabansa tun yana iya nuna muku. Ku leƙa baya kafin ku buɗe baki. Ku tambayi abin da ke ciki.

Mun gode, Malam. Allah Ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya mana, Ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ido.

Inna tana nan da ranta, tana shan allurarta safe da yamma. Kwanakin baya Suwaibatu ta rasa abin da za ta tokare tukunya a murhu, ta miƙa hannu bayan firiji za ta zaro rabin bulon. Inna, wadda muke zaton barci take, ta ɗaga sandarta ta buga ƙasa.

"Ke! Aje mani Ubale inda yake."