Dutsen da Ya Shiga Gonata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da rigimar da na tayar a kan wani dutse ba. A lokacin Nasara ba su daɗe da cin Sakkwato ba, suna ta yawo a yankinmu na Illela suna auna ƙasa, wai za su raba tasu da ta Faransa. Ni kuwa ina da aure da 'ya'ya biyu, ga zafin kai.

Gonar da na gāda tana gindin wani tudu ta wajen Gidan Katta. Ta sama da ita kuma ta wani dattijo ce, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Iyakarmu wani jan dutse ne mai girman turmi uku. Tun mahaifina na raye ya nuna mini cewa dutsen yana daidai da wani gawo. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, ina sharar gona sai na lura dutsen ya bar saitin gawon, ya gangaro cikin gonata kusan taki biyu.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tafi ƙofar gidan Baba, a gaban 'ya'yansa, na ce sun ga maraya sun ci masa ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kac ce? Ni da na wanke gawar ubanka?" Na ce ko ma wa ya wanke, sai mun je gaban mai gari. Yau in na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni.

Ranar da mai gari ya zo duba iyakar, jama'a ta taru. Na dage sai Baba ya dafa Alƙur'ani, abin da a wurinmu ya fi duka ciwo ga dattijo. Ana cikin haka sai wani Bafulatani makiyayi, wanda shanunsa ke cin karan gonakinmu duk kaka, ya ce a saurare shi. Ya ce ya fi shekara goma yana zama bisa dutsen nan, kuma kowace kaka yakan tarar ya ƙara karkata. Ya durƙusa ya nuna mana yadda ruwan tudu ya ɓurme ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gefen gonata, da wani ɗan kwari a bayansa kamar sawun abin da aka ja. Na ce masa, "Dutse na da ƙafa ne?" Aka yi dariya.

Hayaniyarmu ce ta jawo wani Bature mai awon ƙasa da ya kafa na'urarsa a kan tudun. Ya sauko da tafintansa, aka ba shi labari. Ya zagaya dutsen, ya ce makiyayi ya fi mu gaskiya. Sai ya ƙara da wani zance da ya fi na makiyayin wuyar haɗiya. Ya ce a can ƙasashensu akwai duwatsu masu tsawo inda ƙanƙara ke taruwa shekara da shekaru ba ta narkewa, har nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa kamar gulbi, amma tafiyar hawainiya ma ta fi tata sauri. Tana tafe tana ɓamɓaro duwatsu manya kamar rumbu, tana niƙa na ƙarƙashinta, tana rarake tudu ya zama kwari mai faɗi. Inda ta narke sai ta zube kayanta. Shi ya sa, in ji shi, sai ka ga ƙaton dutse a tsakiyar fili, ba ɗan'uwansa ko ɗaya sai ka yi tafiyar kwanaki.

Wani tsoho ya ce, "Ƙanƙarar da muka sani, kafin ka kai ta baki ta zama ruwa. Wanga Nasara da tatsuniya yaz zo." Ni ma haka na ɗauka.

Mai gari mutum ne mai haƙuri. Ya hana rantsuwa, ya sa aka kafa turke jikin dutsen ta sama, ya ce a bar damina ta yi shari'a. Wata biyar na yi ban gai da Baba ba. Ya yi jinya a tsakiyar daminar, matata ta roƙe ni in je, na ƙi.

Da kaka muka koma. Turke na nan inda aka kafa shi, har ciyawa ta naɗe shi, amma tsakaninsa da dutsen tafin hannuna ya shige. Ba sawun mutum, ba alamar ƙarfe.

Na tarar da Baba a zaure, ya rame. Na zube a gabansa. Ya ce, "Tashi, na yafe tun ranar. Abin da yad dame ni shi ne, dutse sai da yay yi shekaru kafin ya gusa taki biyu, kai kuwa cikin yini guda kab bar ni." Bai sake ganin wata damina ba.

Ban taɓa ganin ƙanƙarar Baturen nan ba, amma na daina ƙaryata shi, don na ga ƙanwar abin a gonata. Tun daga nan na gane cewa abubuwa da yawa suna sauyawa a hankali ba da hannun kowa ba. In na tarar da abu ya bar mazauninsa, nakan bincika ƙarƙashinsa tukuna kafin in ɗora wa mutum laifi, domin gona ana iya sake mata iyaka, amma watannin da ka yi kana gaba da mai ƙaunarka ba su dawowa.