Shaidar Mutum Ɗaya

Yayana alƙali ne kafin a rataya mashi takobi. Tare munka fara karatu a zauren mahaifinmu a Tambuwal. Shi ya wuce har manyan littattafan shari'a, ni na tsaya inda na iya alwala da salla, na koma gona. Kaina bai ɗauka ba, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Da anka tura shi alƙalanci Kebbe, ni na raka shi, wai in ga masaukinshi in komo. Zama ya kama ni. Kebbe lokacin bakin iyaka ce, kana fita ganuwa sai daji sai mahara. Shari'unshi na iyakar gona ne, da shanun da sunka ci dawar mutane, da matan da mazansu sunka fita ba labari. Ni ke noma mashi, ni ke gyara danga. Duk garin ba a san ni da komi ba sai ƙanen alƙali.

Shekarar da mahara sunka kashe sarkin yaƙin garin, an rasa wanda mutane za su bi. Dattawa sunka ce alƙali ne kowa ke jin maganarshi. Na ce mashi, "Yaya, kai da ko akuya ba ka iya kayarwa?" Ya ce, "Kai da ka iya, mi ka taɓa kayarwa ban da malmalar tuwo?" Ya bar ma babban ɗalibinshi buzun shari'a, ya hau doki. Kuma ya iya, ba zan hana mashi ba. Yadda yake sauraron masu ƙara haka yake sauraron masu kawo labarin daji, ba ya tada mayaƙa sai bakin mutum biyu ya zo ɗaya. Garin ya samu barci saboda shi. Ni dai tun da ya hau dokin nan ban ƙara sa hannu akushi ɗaya da shi ba.

Ranar da abin ya faru gulbi ya kawo ruwa. Mun koro mahara har mashigi, mutanenmu sun watse cikin kurmi suna bin sawu, ni kaɗai ke bayan yayana da kwari da baka. Kibiya ta same shi a wuya, ya faɗo cikin ruwa. Lifidin da ke jikinshi ya jiƙe ya ja shi ƙasa. Na ga hannunshi, daga nan ban ga komi ba. Mun bi gaɓa kwana da kwanaki, ba gawa.

Na je gaban sabon alƙali, wannan ɗalibin nashi.

"Allah gafarta Malam, yayana ya rasu. Da idona na gani."

"Baba, wa ya gani ban da kai?"

"Dokinshi."

"Baba, ba wasa nika yi ba. Bakin mutum guda ba ya kashe mutum a shari'a. Kuma ba shi da ɗa namiji, kai magaji ne. Ba a karɓar shaidar wanda zai ci gado."

"Gadon mi? Gafaka da tawada?"

"Haka ya karantar da ni. In ya komo ya iske na raba gidanshi, mi zan ce mashi?"

"Ba shi komowa."

Ya sunkuyar da kai yana share ido, amma bai canza magana ba.

Garin ma bai so ya mutu ba, don sunanshi kaɗai yana tsorata mahara. Wani ya ce kama shi anka yi. Wani falke ya rantse ya ga mai kama da shi a wata kasuwa can yamma. Ba wanda ya yi mani ta'aziyya. A masallaci sai mutum ya ba ni hannu ya ce, "Ina labarin Malam?" In ce yana ƙasan gulbi. Sai ya zare hannunshi. A hankali anka daina zama kusa da ni, wai ina yi ma ɗan'uwana mugun baki.

Matar yayana ba takaba ba aure, ga 'yan mata biyu a ɗaki, ba dama in bar su in koma Tambuwal. Da can "mijina" take ce mani, tana hana ni fura sai na roƙa. Ta daina. Wata rana da hantsi ina kaftu da fartanya a 'yar gonar da ke bayan gidan, ta yi magana ta bayan danga.

"Ka tabbata ka gani?"

"Na tabbata, Yaya."

"To kai yaya anka yi ka fito?"

Na ci gaba da sara.

Da wa'adin da shari'a ke ba wanda ya ɓace ya cika, alƙali ya aiko a kira ni. Ya ce an bincika ba a same shi ba, yanzu ya hukunta rasuwarshi, matar ta shiga takaba. Na ce yanzu ya mutu ke nan? Ya ce a shari'a yanzu ne.

Na dawo na share ƙofar gida, na aro tabarmi na shimfiɗa har bakin hanya. Lokacin girbin gero ne, kowa na gona, kuma garin ya daɗe da yin sabon sarkin yaƙi. Na zauna tun safe. Wajen azahar wani tsoho ya zo da sandarshi, ya yi addu'a munka shafa, ya dube ni ya ce, "Ashe da gaske kaka yi."

Na ce mashi Allah ya ba da lada. Da ya tafi na jira har la'asar, sannan na naɗe tabarmin na mayar ma masu su.