Kusurwar da Na Yanke

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina shago ina ɗaukar wani dattijo hoton fasfo sai wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Gwani, Yayanka ya cika." Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Kwana tara kacal ya yi a gadon asibiti.

Yaya, kai ka raɗa min sunan Gwani don tsokana, ya bi ni har ya danne na yanka. Ina da shekara uku Inna ta rasu, Baba kuwa ko ganinsa ban yi ba. Kai, da shekara goma sha uku, ka goya ni muka baro ƙauye zuwa gidan Kawu. Ban san fuskar uwa ba, taka na sani. Da na ƙi boko na nace sai hoto, kowa ya ce na lalace, kai ka sayar da kekenka ka saya min kyamarar farko, ka koma zuwa aiki a ƙafa.

Shekara talatin ka yi kana yi wa dabbobi allura. Babu dajin da babur ɗinka bai shiga ba. Ranar jana'izarka makiyaya suka cika layinmu, mutanen da ban taɓa gani ba. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce ka taɓa wuni cikin ruwan sama a kan saniyarsa da haihuwa ta yi wa gardama, da ya kawo maka ɗan rago ka ce ya bar wa yara. Bai ƙarasa maganar ba, kuka ya ci ƙarfinsa.

Da ka yi ritaya sai sha'awar hoto ta kama ka. Ni na saka ka a zaurenmu na waya, inda masu sana'ar hoto ke tura aikinsu ana dubawa. Na san halina, bakina ba shi da linzami in an zo kan hoto. Ka turo akuya, na ce ina ka kai kanta? Ka turo faɗuwar rana, na ce yatsanka ya fi ranar fitowa. Dariya kawai kake yi, ka ce, "To Gwani, a yi haƙuri da ɗalibi, tsufa ne."

Wata huɗu da suka wuce ka turo na ƙarshe. Fili ne fetal, ba gida ba mutum. Tsauni daga nesa, busasshen rafi ya ratsa tsakiya, tsohuwar tsamiya a dama. Hasken ya yi kyau ƙwarai, na gani, amma ban faɗa ba. Abin da idona ya kama shi ne hoton ya karkace, kamar tsaunin zai zame ya faɗi. Can ƙasa a kusurwar hagu kuma ga wani tarin duwatsu da guntun bango, ya ɓata tsarin.

Na rubuta a gaban mutum arba'in, "Yaya, ko a kan babur ka ɗauka? Ƙasa ba ta tafiya a karkace. Wannan tarkacen na gefe kuma me yake yi a nan?" Na ɗauki hoton na miƙar da shi. Duk mai hoto ya san in ka juya hoto don ya miƙe, dole kusurwoyi su tafi. Duwatsun suka tafi. Na mayar maka, abokan sana'a suka yi ta yaba hannuna. Sai ka rubuto, "Ya yi kyau, Gwani. Allah ya yi albarka." Ba ka sake turo hoto ba, ni kuma ban tambayi dalili ba.

Bayan masu ta'aziyyarka sun watse, Anti, matarka, ta kira ni falo. Tabarau ɗinka na kan tebur inda ka saba ajiyewa. Ta miƙo min wayarka, hoton nan na asali ne a fuskar wayar, a karkacensa.

Ta ce, "Ka san ina ne nan?"

Na ce, "Wani daji ne dai cikin dazukansa."

Ta ce, "Ɗakin Innarku ne, waɗannan duwatsun. A nan aka haife ka. Ƙarƙashin tsamiyar nan take shimfiɗa ka in za ta ɗebo ruwa. Awa shida ya yi a kan babur, ga ciwon ya riga ya fara cinsa. Ya ce akwai kwazazzabo a bayansa, ba halin ya ja da baya, shi ne ya karkata wayar don ɗakin da tsamiyar su shiga tare."

Na tambaye ta me ya hana ka gaya min. Ta ce so ka yi in tambaya. Da ka ga abin da na rubuta kuwa, ka ce ba za ka kunyata ni a gaban abokan sana'ata ba, in damina ta wuce za ka kai ni in gani da idona.

Damina ta wuce, Yaya. Na tambayi Anti hanya, ba ta sani ba. Kawu ya daɗe da rasuwa, mutanen ƙauyen sun watse tun ina yaro. Kai kaɗai ka rage da ka san wurin, ka kawo min shi har cikin tafin hannuna, na sa hannu na yanke. Shekara ashirin da biyar ina koya wa mutane yadda ake kallon hoto, ban iya tambayar yayana me ya ɗauka ba. Wannan abu yana cina, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Na wanke hoton babba na rataye a shago, yadda ka ɗauke shi. Jiya wani ya shigo ya ce, "Mai hoto, wannan ai ya karkace," ya kai hannu zai gyara firam ɗin. Na ce ya bar shi, daidai yake.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Anti, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku yadda Yaya ya tsaya wa maraya. Makiyayan da suka tako daga nesa, Allah ya ba da lada. In a cikinku akwai wanda ya gane tsamiyar nan da rafin, don girman Allah ya neme ni. Kai kuwa Yaya, Allah ya sada ka da Inna a Aljanna, ka gaya mata na ga ɗakinta.